Nawa ne ya yi yawa? Littafin bibiyar kafeyin da fargaba

6 ga Janairu

Miligiram 400 a rana. Wannan ne adadin da mutum zai fara cin karo da shi duk inda ya tambayi iyakar kafeyin, sinadarin nan mai wartsakarwa da ke cikin gahawa da shayi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana ambata shi, takwararta ta Tarayyar Turai, EFSA, ita ma a kansa ta tsaya cikin rahotonta na 2015. Sai dai duka biyun sun gindaya sharaɗi: baligi mai ƙoshin lafiya. Mai juna biyu an rage mata zuwa 200. Shi kuwa wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku ba gaira ba dalili, wanda ke farkawa gabansa na faɗuwa bai san abin da yake tsoro ba, ba a yanka masa nasa adadin ba.

Ina cikin waɗannan. Na daɗe ina fama da ciwon fargaba, jefi-jefi kuma firgici kan taso mini farat ɗaya. Likitan da ke duba ni ya ce in rage gahawa. Na ce, "Likita, in rage zuwa nawa?" Ya ce wannan jikina ne zai ba da amsa, amma sai na saurare shi da biro a hannu.

To ga biron. Tsarin da na yi wa kaina shi ne: duk abin da ya shiga bakina mai kafeyin zan rubuta shi, da yawansa da lokacin da na sha. Safe, rana da dare zan ba fargabata maki daga 0 zuwa 10. Zan rubuta ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa na tashi, da ko na farka tsakar dare. Maganin da likita ya ɗora ni a kai ba zan taɓa shi ba, don in na sauya abu biyu lokaci guda ba zan san wanne ya yi aiki ba. Kuma a matakin farko ba zan rage ko kurɓi ɗaya ba, ƙirga kawai zan yi. Wanda bai san inda yake tsaye ba, ba shi da abin da zai auna ragi da shi.

13 ga Janairu

Ƙirgar ta fi yadda na zata wuya, kuma matsalar ta fara ne daga kofin kansa. Jadawalin da ake bugawa yana cewa kofin gahawa ɗaya kusan miligiram 95 ne, amma kofin da suke nufi mililita 240 yake ci. Na cika nawa da ruwa na juye a ma'auni, sai ga mililita 350. Ke nan abin da nake kira kofi ɗaya ya doshi miligiram 140, kuma biyu nake sha kafin rana ta take. Ga 280 tun ba a je ko'ina ba.

Baƙin shayi kofi biyu da rana, kowanne tsakanin 40 da 50, a ce 90. Ranar da aiki ya yi yawa nakan ƙara da gwangwanin lemon ƙara kuzari da yamma. Red Bull mai mililita 250 miligiram 80 ne a cikinsa, manyan gwangwanaye masu rabin lita na wasu kamfanoni kuwa suna kaiwa 160. An kai 450. Sai wanda ba ya zuwa ran kowa: maganin ciwon kai. Panadol Extra kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 65 na kafeyin, an rubuta a bayan kwalin da ƙananan haruffa, biyu kuma ake haɗiya. Ranar da na sha shi jimillata 580 ce. Lemon kwalba mai kola bai kai yadda ake tsoronsa ba ta wannan fannin, gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355 miligiram 34 ne, bai kai shayi ba.

Ko waɗannan alkaluman ma ƙiyasi ne. Masu bincike a jami'ar Glasgow sun sayi ƙaramin kofin gahawa mai kauri da ake kira espresso daga shaguna 20, sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna mafi ƙaranci miligiram 51, mafi yawa 322. Suna ɗaya, abin da ke ciki ya ninka shida. Irin ƙwayar gahawar ma da bambanci: nau'in robusta ya kusan ninka na arabika a kafeyin. Ga daɗewar jiƙo, ga yawan garin da aka zuba.

Saboda haka na yanke shawarar cewa muddin wannan aikin na gudana, na bar gahawar waje. Na koma garin gahawa mai narkewa nan take, na kamfani ɗaya, na kuma samo ɗan sikelin kicin mai auna giram. Giram 2 kusan miligiram 60. Ba daidai wa daida ba ne, amma aƙalla kuskuren yau shi ne na gobe.

19 ga Janairu

Makon nan karatu na fi yi.

Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, yana zama a wasu gurabe da aka tanada masa, daga nan yake sanyaya ƙwayoyin jijiya har barci ya zo. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa. Sai ya riga shi zama a kujerar, ba ya kuma yin aikin mai kujerar. Gajiyar tana nan, saƙonta ne bai isa ba. Da zarar an toshe wannan hanyar, ɓangaren jijiyoyin da ke shirya jiki don gudu ko faɗa sai ya samu sarari: adirenalin ya ƙaru, hawan jini ya ɗan ɗaga, hannu ya soma rawa, numfashi ya sauya, ciki ya murɗa.

Duk mai ciwon fargaba da ya karanta wannan jerin ya san shi ciki da bai. Kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya lissafa alamomi 12 na buguwa da kafeyin, ya ce biyar sun isa, kuma galibi abin yana faruwa ne in an haura miligiram 250 sosai. A cikinsu akwai rashin natsuwa, zullumi, rashin barci, bugun zuciya da sauri, tunani da magana barkatai, da kai-komo. In aka goge kan maganar aka miƙa mini takardar, zan rantse bayanin ciwona ne. Tun 1974 wani likita a asibitin sojoji na Walter Reed, John Greden, ya ba da rahoton marasa lafiya da ake ta yi wa maganin fargaba ba sauƙi, ashe gahawa ce suke ɗirka ba lissafi. Da suka rage, alamomin suka lafa.

Gwaje-gwajen da aka yi kan masu ciwon firgici su ne suka fi tsaya mini a rai. A 1985, Dennis Charney da abokan aikinsa a jami'ar Yale sun ba marasa lafiya miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wato mai kilo 60 ya sha 600. Kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da suka ji daidai yake da firgicin da ke taso musu. A 2022 wasu masu bincike biyu a jami'ar Uppsala ta Suwidin, Lisa Klevebrant da Andreas Frick, suka tattara irin waɗannan gwaje-gwajen wuri guda. Kusan rabin masu ciwon sun firgita bayan shan kafeyin, ba ko ɗaya da ya firgita bayan shan ƙwayar da ba komai a cikinta, lafiyayyu kuwa waɗanda suka firgita ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Amma a lura da adadin. Yawancin gwaje-gwajen miligiram 480 aka bayar, kuma lokaci guda, kwatankwacin kofi biyar a zama ɗaya. Wannan ya tabbatar da cewa mai yawa a tashi ɗaya yana tayar da firgici. Bai ce komai ba game da mai shan shayi kofi ɗaya bayan karin kumallo. Masu binciken da kansu sun ce ƙananan adadi ba a nazarce su sosai ba. A ganina nan ne shawarwari da yawa ke yin tsalle: sukan ɗauki sakamakon 480 su ce wa kowa ya daina gaba ɗaya, ko su ɗauki 400 na lafiyayyu su ce wa kowa ba komai. Rayuwar yawancinmu a tsakanin biyun take.

Akwai kuma abin da masanin halayyar ɗan Adam David Clark ya bayyana a 1986: firgici yakan taso ne in mutum ya ji wani motsi a jikinsa ya fassara shi da bala'i. Zuciya ta buga da ƙarfi, ya ce shi ke nan ciwon zuciya ne, tsoron ya ƙara mata gudu, gudun ya ƙara tsoron. In haka ne, kafeyin ba sai ya haifar da tsoro kai tsaye ba. Ya isa ya samar da bugun, sauran aikin ni zan ƙarasa shi da kaina.

27 ga Janairu

Na fara ragi. Lemon ƙara kuzari ne ya fara tafiya, don shi ne na yamma kuma shi nake kwankwaɗewa a tsaye cikin minti biyu. Maganin ciwon kai na musanya shi da farasitamol zalla. Sauran zan riƙa zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu duk mako. Sikelin ya sauƙaƙa wannan: maimakon in yi ta jayayya da kaina kan ko cokalin ya cika, lamba nake kallo.

Abin da makonnin ƙirga suka nuna: makin fargabata yakan tsaya wajen 5 ko 6, ya fi hawa da hantsi, wato kusan awa ɗaya bayan kofi na biyu. Ya yi daidai da abin da aka sani, cewa kafeyin kan kai ƙololuwarsa a jini tsakanin minti 30 da 60. Ya kuma yi daidai da lokacin da nake buɗe saƙonnin aiki, don haka ban yanke hukunci ba tukuna.

2 ga Fabrairu

Kai ya yi jingim. Ciwon yana farawa daga bayan idanu, ya zagayo ƙeya, in na sunkuya ɗaura takalmi sai in ji kamar jini ya taru a goshi. Ga hamma, ga saurin fushi, ga karanta layi ɗaya sau uku.

Na san da zuwansa. Laura Juliano da Roland Griffiths, a wani nazari da suka buga a 2004, sun tattara abin da aka sani game da janyewar kafeyin daga jiki: alamomin kan fara awa 12 zuwa 24 bayan dainawa, su yi tsanani tsakanin awa 20 da 51, su ɗauki kwana 2 zuwa 9. Kusan rabin mutane ciwon kai ke kama su, kuma ko mai shan miligiram 100 kacal a rana bai tsira ba. Dalilin ciwon kan shi ne kafeyin yana tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, in ya janye su buɗe. Shi ya sa ake sa shi a maganin ciwon kai, shi ya sa kuma wanda ke rage gahawa yana haɗiyar wannan maganin yake zagaye wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna a matsayin mai gwaji shi ne janyewar ita ma tana kama da fargaba. Makina ya hau a makon nan, bai sauka ba. Wanda ya daina gahawa kwana uku ya ga hankalinsa ya ƙara tashi zai ce ai ba ita ce matsalar ba, ya koma. Kwana uku ba gwaji ba ne, tsakiyar janyewa ne.

Ƙanwata, wadda aikinta harhaɗa magunguna ne, ta zo ta tarar da ni na dafe kai. Ta ɗauki littafin ta duba, sannan ta ce, "Yaya, ka rubuta abin da kake sha, ba ka rubuta abin da ke fitar da shi ba." Ta nemi ganin kwalin maganina. Bayaninta shi ne hanta ce ke narkar da kusan duk kafeyin, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP1A2, kuma akwai magungunan da ke danne shi. Mafi ƙarfi a ciki fluvoxamine, wanda abin mamaki masu fargaba ake rubuta wa. A jikin mai shan sa, rabin kafeyin da ke fita cikin awa 5 yakan ɗauki sama da awa 30, ke nan kofin yau yana tarar da na jiya da na shekaranjiya. Ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yana jinkirta fitar. Ƙwayar tazarar haihuwa tana kusan ninka lokacin. A watannin ƙarshe na ciki yakan kai awa 15. Taba sigari kuwa akasin haka take yi, tana hanzarta fitar, don haka wanda ya daina taba bai rage gahawa ba, kafeyin zai taru a jininsa fiye da da, ya ɗora laifin rawar jikin duka a kan rashin taba.

Nawa maganin ba ya cikin jerin. Ta ajiye kwalin ta ce duk da haka duk ranar da aka rubuta mini sabon magani, ko na kwana biyar ne, in tambaya.

11 ga Fabrairu

Ciwon kan ya tafi. Ina wajen miligiram 200 a rana.

Jiya firgici ya taso mini da la'asar, cikakke, har da sanyin hannu da jin kamar numfashi zai ɗauke. Ranar kofi ɗaya na sha da sassafe. Wani saƙo ne ya shigo game da aiki. Na rubuta shi a nan don kada nan gaba in karanta littafin in ɗauka kafeyin ne tushen komai. Ciwon yana da nasa hanyoyin.

18 ga Fabrairu

Na zauna na jera shafukan na duba su gaba ɗaya, sai wani abu ya fito wanda ban neme shi ba. Makin fargabar kowace rana bai bi jimillar kafeyin na ranar sosai ba. Barcin daren jiya ya fi bi. Barcin kuma yana bin lokacin da na sha kofin ƙarshe.

Lissafin ba wuya. In rabin kafeyin na fita cikin awa 5, wanda ya sha miligiram 200 ƙarfe 4 na yamma yana da 100 a jikinsa ƙarfe 9 na dare, da 50 ƙarfe 2. EFSA ta ce miligiram 100 dab da kwanciya na iya jinkirta barci ya kuma rage tsawonsa a wasu mutane. Awa 5 ɗin ma matsakaici ne, wani jikin awa 3 ne, wani ya haura 7. A 2013 Christopher Drake da abokan aikinsa a Detroit sun ba mutane miligiram 400 awa shida kafin kwanciya, na'ura ta nuna sun yi asarar barcin sama da awa ɗaya, su kuwa ba su lura sosai ba. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, don ni ma ina cikin masu cewa gahawa ba ta hana su barci. Barcin yana ɗaukata, gaskiya ne. Amma shafukan watan jiya cike suke da "na farka ƙarfe uku", na wannan watan kuma kusan babu.

Daga rashin barci zuwa fargaba hanya ce miƙaƙƙiya. Eti Ben Simon da Matthew Walker na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna a 2019 cewa daren da ba a runtsa ba yana iya ɗaga fargaba har kashi 30 cikin ɗari, kuma barci mai nauyi shi ke kwantar da ita. Ga yadda abin ke juyawa: gahawar yamma ta ɓata barci, a tashi a gajiye da faɗuwar gaba, a ƙara gahawar safe don a iya aiki, da yamma ƙarfi ya ƙare a sake nema. Mutum zai iya shekara a ciki bai taɓa haura 400 ba, takarda na ce masa yana cikin iyaka.

Sabuwar doka daga yau: ba kafeyin bayan ƙarfe 11 na safe, har shayi.

1 ga Maris

Na sauko wajen 120, duka da safe. Makina ya sauka zuwa 3 ko 4 a yawancin ranaku. Amma akwai tambayar da ba zan iya amsa wa kaina ba: na san abin da nake sha, na kuma karanta abin da ya kamata in ji. Mai fargaba in ya sa ran zuciyarsa za ta buga, zai zauna yana saurarenta har sai ta buga. An ma gwada wannan ta ɗaya gefen a jami'ar Sidni, inda masu fama da janyewa suka samu sauƙi bayan shan gahawar da aka cire wa kafeyin, har waɗanda aka faɗa wa gaskiyar abin da suka sha.

Don haka na nemi taimakon ƙanwata, bayan likita ya amince da sharaɗin kada a haura 200 a sha ɗaya, wanda shi ne adadin da EFSA ta sa wa lafiyayyu a zama guda. Ta zo da ƙananan robobi masu murfi iri ɗaya, ta kore ni daga kicin. Ina jin ƙarar cokali a kan sikeli. A kowace roba giram 6 ta zuba, amma haɗin ya bambanta: wata duka garin da aka cire wa kafeyin ne, wata giram 2 na gaske da 4 na wancan, wata 4 da 2, wata kuma 6 na gaske zalla. Wato kusan sifili, 60, 120 da 180. Na ce kusan sifili don ko wadda aka cire wa tana da ɗan saura, miligiram 2 zuwa 15 a kofi. Ta girgiza kowace roba har garin ya gauraye, ta manna lamba a murfi, ta rubuta sirrin a takarda ta liƙe a ambulan ta jefa a jakarta.

Ta ce, "Yaya, ko ka kira ni tsakar dare ba zan faɗa maka ba. Kuma ban da shinshina roba."

Kowace safiya roba ɗaya, bayan na ci abinci, lokaci ɗaya. Bayan awa ɗaya in rubuta maki, in ƙirga bugun zuciyata na minti guda, in kuma rubuta hasashena kan abin da na sha.

16 ga Maris

An buɗe ambulan.

Ranakun 180 na gane su kusan duka. Ba ma ta zuciya ba, ta hannu: rubutuna na waɗannan ranakun ya fi karkacewa, ana gani a shafin. Makin kan hau da biyu ko uku, ya daɗe bai sauko ba. Firgici bai taso ba, amma akwai ranar da na ji shi a bakin ƙofa. Ranakun 60 ban iya raba su da na sifili ba, hasashena a kansu bai fi na mai jefa kwabo ba. Na 120 su ne masu rikitarwa: in na yi barci sosai daren jiya, lafiya lau suke wucewa, in barcin ya yanke, sai su yi kama da 180. Akwai kuma safiyar da na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan mai ƙarfi ce, bugun zuciya ya hau, tafin hannu ya jiƙe. Roba ce ta sifili. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, amma a wurina shi ne shafi mafi amfani a littafin, don ya nuna mini girman abin da tsammani kaɗai ke iya yi.

Wannan gwajin mutum ɗaya ne, adadinsa ba zai zama na wani ba, kuma akwai dalili na gado. A 2003 masu bincike a jami'ar Chicago sun ba mutanen da ba su saba da gahawa ba miligiram 150, suka gano masu wani nau'i na ƙwayar gado mai suna ADORA2A, wadda ke tsara ɗaya daga cikin guraben adenosin, su ne suka fi jin fargaba. A 2010 Peter Rogers da tawagarsa a jami'ar Bristol suka sake samun haka a cikin mutane 379, tare da ƙari biyu. Na farko, masu sha kullum sukan saba, fargabar da kafeyin ke tayar musu ta ragu ko da suna ɗauke da wannan nau'in. Na biyu, wartsakewar da mai sha kullum ke ji da kofin safe galibi dawowa ce daga janyewar dare, bai wuce wanda ba ya sha ba.

Batun sabo yana da wani gefe da ya shafe ni kai tsaye. Watanni biyu da suka wuce ina shan 140 sau biyu a jere ina tafiya aiki. Yanzu 180 na girgiza ni. Mai yiwuwa a da ma yana girgiza ni, na ɗauka halina ne. Mai yiwuwa kuma ragin ya zare sabon da jikina ya yi. Ko wanne ne, wanda ya rage sosai ya sani cewa kofin da ya saba sha a da ba shi ne zai tarar ba ranar da ya koma masa kwatsam.

24 ga Maris

Na kai wa likita littafin. Shafin firgicin watan Fabrairu ya fi daɗewa a kai, ba na robobin ba. Ya ce ragin ya sauke mini wani nauyi, amma bai taɓa tushen ba, don haka zaman da nake yi da mai ba da shawara kan sarrafa tunani yana nan, magani ma yana nan. Ya ƙara da cewa in bugun zuciya ya zo da ciwon ƙirji, ko jiri har in kusa faɗuwa, ko ya riƙa tsalle ba tsari, kada in zauna ina lissafin miligiram, in zo a duba ni. Ya kuma rubuta mini gwajin maƙoshi, wato sinadarin tayirod, don in ya yi yawa shi ma yana kawo rawar hannu da bugun zuciya iri ɗaya.

Inda nake yanzu: kada sha ɗaya ya wuce 100, kada jimilla ta wuce 150, komai kafin ƙarfe 11, kuma ba da cikin wofi ba. Safiyar da na tashi barci bai ishe ni ba, wadda ita ce na fi son gahawa, 60 kawai. Wannan ta ƙarshen ita ce mai wuyar kiyayewa.

Saura abu biyu a watan gobe. Ina so in ga ko 120 da aka raba biyu, tsakaninsu awa biyu, ya fi sauƙi a kan wanda aka sha lokaci guda. Sai kuma shayi: ana yawan cewa ya fi gahawa taushi saboda wani sinadari da ke cikinsa mai suna tiyanin, amma zargina shi ne kafeyin ɗinsa ne rabi kuma a hankali ake kurɓarsa. Wannan ba zai gwadu a makance ba tunda ɗanɗano zai tona asiri, sai dai in daidaita miligiram ɗin in sha su cikin minti ɗaya in gani. Robobin zagaye na biyu suna hannun ƙanwata. Na ce ta cire na 180, ta sa 90 a madadinsa, tunda tsakanin 60 da 120 ne tambayar ta rage.